Awarwaron Inna a Kan Sikeli

Tun da aka kafa dokar bazara, duk Maris sai garinmu ya kwashe zuwa kan tsauni, kowane gida a motar kwanansa. A ƙofar gari akwai sikeli mai auna mota da kaya da mutanen ciki gaba ɗaya. Motar da ta haura ƙa'ida sai ta koma baya, ta jira kwana tara cikin zafin nan.

Na shirya kaya kamar yadda nake shirya aji. Tanti da turakunsa a ƙarƙashin gado, tukwane ƙarama cikin babba, jarkokin ruwa a ɗaure ta baya. Bara da ƙyar muka wuce, bana kuma ga jaririya, ga ƙarin jarka.

A layi matata Zulai ta ce, "Malam, in ta haura fa?"

"Sai in sauke littattafaina."

"Ai tun jiya ka sauke su."

Inna, mahaifiyata, tana baya tana jan carbi.

Muka hau sikeli. Fitila ta nuna kore. Ma'aikacin sikelin ya duba takardar awonmu na bara, ya leƙo ta taga.

"Malam, ka iya shiri. Me kuka rage haka?"

Na waiwaya. Inna ta ɗaga hannu tana gyara mayafi, sai awarwaron da ke matse ta bara ya zame har gwiwar hannu. Na tuna kwanon tuwonta da ke dawowa a rufe, ba ta taɓa ba, tun watan jiya.

"Ja mota, Auta," ta ce. "Mutane na jira."