Ƙofar Bayan Akwatin Mai Hoto

Na ji kana bugun ƙirji, wai kai kaɗai ke riƙe da mabuɗin na'urarka, don haka duk abin da ya fita ka san wanda za ka kama. Sassauta, malam, ka ji abin da ya sami wani mai ɗaukar hoto.

Mutumin nan kasuwarsa ta bikin aure ce. Wajen maza shi ke zuwa, amma cikin gida, inda mata ke ajiye mayafi su yi lalle da kamu da rawarsu, ƙanwarsa ce ke shiga da kyamara. Matan garin sun yarda da ita, har magidantan da ba sa barin 'yar talla ta wuce zaurensu sukan bar ta ta shiga. Da aiki ya yi yawa, sai ya sayi akwatin ajiya irin wanda ake jonawa da intanet, a zuba hotuna a ciki, a ɗauko su daga ko'ina. Ya karanta littafin da ya zo da akwatin daga bango zuwa bango, ya sa kalmar sirri, bai faɗa wa kowa ba sai ita. Ana nan sai hotunan wani biki suka fara yawo a wayoyin samarin unguwa, matan aure kai ba ɗankwali, ana turawa ana dariya. Mazajen suka yi wa shagon dirar mikiya. Gogan naka ya yi lissafi irin na masu wayon tsiya: mutum biyu suka san kalmar, shi kuma ya san bai yi ba. A gaban jama'a ya nuna ƙanwar tasa da yatsa. Ta rantse, ta yi kuka, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa, ya ce ba ya bukata. Ya tsira da shagonsa, ita kuwa kowace ƙofa ta rufe mata, ko gidan suna ta shiga sai mata su jawo mayafi. Ƙarshe ta tattara ta koma wajen gwaggonsu a wani gari, ba ta yi masa sallama ba.

Bayan an kwana biyu akwatin ya fara gardama, ya kira mai gyara. Yana shirin faɗa masa kalmar sirrin, mai gyara ya ɗaga masa hannu, ya buga wasu 'yan kalmomi, sai ga komai a buɗe. Mai hoto ya tambaya a wane shafi na littafin aka rubuta wannan. Mai gyara ya yi dariya ya ce, "Ba a rubuta ba, maigida. Kamfanin da ya ƙera akwatin ne ya bar wa ma'aikatansa wannan don sauƙin gyara. Amma ai sirrin ya daɗe da fita, wanda ya san shi ko daga wata ƙasa zai shigo maka." Abin da ke ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka ƙera akwatin sun sayar masa da kwaɗo sun ɓoye masa ƙofar baya, kuma har gobe ba su san an yi wata yarinya ba, balle su ji kunya. Shi kuwa mai hoto ya bi gida-gida yana warware maganarsa, ana sauraronsa ana taɓe baki, ana cewa ai dole ya wanke ta, naka sai naka. Ya tafi garin da take, ya yi sallama a ƙofar gida, ya tsaya cikin rana har inuwa ta juya. Gwaggon ce ta fito ta ce masa, yarinya ta ce ita ba ta da wa.

Shi ya sa magabata suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.