Ɗan Kafinta da Layin Baya

Kai da kake cewa lalaci ne kawai ke hana yaran yanzu zama a aji, ga misali ka auna.

An yi wani kafinta mai zafin nema, yana da ɗa a aji huɗu na sakandare. Tun yaron yana firamare ba a taɓa kawo ƙararsa ba, sai rana tsaka aka aiko daga makaranta cewa an kwana biyu ba a gan shi ba. Ashe kullum zai sa kayan makaranta ya fita, ya je gindin wani mangwaro a bayan tasha ya zauna har a tashi. Kafinta ya yi faɗa, ya yi duka, har ya riƙa rufe shago yana raka shi da kansa. Yaro ya shiga ta ƙofa, ya fita ta katanga. Uban ya ce abokan banza ne suka hure masa kunne, tunda boko ya gagara, a zo a riƙe zarto.

Ran nan suna aiki, sai motar katako ta tsaya a tsallaken titi, da lambar waya ɓaro-ɓaro a jikinta. Kafinta ya zaro fensir daga bayan kunne ya ce, "Karanto min lambar can in rubuta." Yaro ya ƙanƙance ido, ya miƙa wuya, ya kasa karantawa. Uban ya ɗaga kai, shi da ya ba hamsin baya yana ganin lambar sarai. Ya zaunar da ɗansa a kan benci, ya tambaye shi dalilin gudun makaranta a hankali, abin da bai taɓa yi ba. Sai yaro ya buɗe baki: tun da ya yi tsawo aka mayar da shi layin baya yake ganin allo dishi-dishi. In ya kwafa ba daidai ba a zane shi, in an ce ya karanta ya kasa, aji ya kwashe da dariya. Kunya ce ta kore shi. Washegari kafinta ya kai shi asibitin ido aka ba shi tabarau, ya je ya sami malamin ajin aka dawo da shi gaba. Tun daga nan shi ke riga kowa isa makaranta.

Saboda haka kafin ka ɗaga bulala, tambayi dalili. Hausawa sun riga sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.