Tsayuwar Baba

Ajin kiɗa ’yarsa ta ce masa ta zaɓa, shi ya sa ya baro wurin aikinsa a kamfanin Gate City ya zo bikin makarantarsu. Sai ga ta cikin kakin soja, tana jagorantar faretin ɗalibai.

Gumi ya karyo masa. Tun tana ƙarama yake gaya mata a da malamin firamare ne shi a Zariya. Ko fim ɗin yaƙi ba a kallo a gidansa.

"Tashi mu tafi," ya ce wa matarsa, ya miƙe. "Za ta same ni a gida."

Daidai nan yarinyar ta daka tsawa: "Attention!"

Dugadugansa suka haɗu, ƙwas! Ƙirji waje, hannaye manne da cinya, shi kaɗai tsaye cikin iyaye.

’Yar ta zuba masa ido. Wannan ba tsayuwar malamin firamare ba ce.