Ana Ruwa a Filin Tsere?

"Asher, ɗaga kai ka duba sama. Ana ruwa?" Choji ya tambaya a waya, yatsansa na kan app ɗin caca.

"Kamar da bakin ƙwarya, Yaya. Har safata ta jiƙe."

Choji ya daka tsalle a falonsa na unguwar Handsworth a Ingila. Ƙanin nasa direban babbar mota ne, jiya kuma ya ce yau zai kai kaya filin tseren motoci. Masu hasashen yanayi sun ce rana za a yi, shi ya sa kamfanin caca ya raina direba mai lamba tara, wanda ba ya abin kirki sai titi ya jiƙe. Ya sa masa odds mai tsoka, wato riba ninki-ninki in ya ci. Duk Ingila, Choji kaɗai ya san gaskiya.

"Angelina, odds ɗin nan kyauta ce!"

Matar tasa ta leƙo daga kicin. "Kuɗin tikitinmu na Jos ne fa."

"A business class za ki je, Madam."

Ya danna, ya zuba kuɗin duka a kan mai lamba tara, ya kunna talabijin. Sai ga rana ƙwal, 'yan kallo sanye da baƙin tabarau suna lasar ice cream. Kafin zagaye na uku, mai lamba tara ya koma can ƙarshe.

Ya sake kiran Asher. "Kai! Ina ruwan da ka ce?"

"Ga shi nan yana zuba, Yaya. An canja min shift, ina Cheetham Hill, can nesa da filin tseren. Ruwa ka tambaye ni, ba ka tambayi inda nake ba."