Bashin Babur ɗin Genivaldo

Genivaldo yana cikin rarraba wasiƙun mutanen benen da yake gadi a akwatunansu sai wayar ta sake kaɗawa a aljihunsa. Karo na uku ke nan tun safe. Ko dubawa bai yi ba, ya san su ne: kamfanin karɓar bashi, da yarinyar nan mai murya kamar ta gidan rediyo.

Sati biyu suna bibiyarsa. Yadda suka samo lambarsa kuwa, oho. Sau huɗu ya canza layi tun zuwansa São Paulo, har sunansa ya gutsure, a wurin gadi kowa Valdo ya sani. Amma ga shi sun tono shi kamar rogo.

Bashin babur ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a garinsu Picos, ya so ya fara acaɓa, ba shi da ko sisi. Yayarsa Dalvina, wadda ta yi ɗawainiyarsa tun rasuwar mahaifinsu, ita ta tsaya masa, ta sa hannu a kantin. Wata uku ya biya. A na huɗu ya sayar da babur ɗin, ya hau motar kudu, ya bar ta da keken ɗinkinta da takardar da ta sa wa hannu. Tun ranar bai kira ba. Da farko tsoro ne, daga baya kunya, ita kuwa kunya kullum ta kwana sai ta ƙara nauyi. Ko mutuwar mahaifiyarsu a bakin wani direba ya ji, bayan wata biyar.

Tsohon lauyan da ke hawa na bakwai, Dokta Anselmo, dariya ya yi da ya ji zancen.

"Shekara nawa? Haba Valdo! Wannan bashi ai ko kabarinsa ya shafe. Biyar ce iyakarsa, kotu ba za ta saurare su ba. Ka dai kiyaye hannunka. Ka sa hannu a sabuwar takarda, kai ka tashe shi da kanka."

Matar Genivaldo, Cleonice, ba ta yi dariya ba.

"Na ga idonka, kuɗin rufin gidan nan kake hange. Shekara huɗu muna tarawa, yara na kwana da bokiti a gefen gado saboda yoyo. Ka taɓa su ka gani!"

Duk gaskiya suka faɗa, shi ma ya sani. Sai dai sanin gaskiya bai rage masa nauyin kunyar ba.

Ita yarinyar kamfanin ba zagi, ba barazana. Real dubu takwas da ɗari huɗu na kuɗin ƙasar take faɗa kullum, ba ƙarin ko sisi na ruwa. Sai tambayoyi: a wace unguwa yake? Ya yi aure? Yara nawa? Lafiyarsa ƙalau yake aikin? Genivaldo ya ce a ransa, lissafin abin da za su kwashe suke yi. Ya ƙi ba ta adireshi.

Ranar dai ya ɗauki wayar a fusace.

"Ke, bashin nan ya mutu, na tambaya. In na ƙi fa?"

"To yallaɓai, sai mu koma wurin Dona Dalvina."

Ya tsaya da wasiƙa a hannu. Shekara goma sha ɗaya bai ji sunan a bakin kowa ba. Ashe tana raye, ashe har yanzu sun san ƙofarta. Sai ya hango ta a tsakar gida, ta manyanta, wasu ƙatti na ƙwanƙwasa mata ƙofa, maƙwabta na leƙe, duk a kan babur ɗin da ko hawansa ba ta taɓa yi ba. Ya ji ya tsani kansa, tsana mai tsanani.

Litinin ce ranar hutunsa. Ya ce wa Cleonice zai je duba farashin kwano, ƙarya ta biyu mafi girma a rayuwarsa. Ya ciro kuɗin rufin, ya shiga jirgin ƙasa zuwa tsakiyar birni.

Ofishin yana saman wani kantin takalma. Wani mutum mai tumbi, yana ɓarar gyaɗa, ya turo masa takarda. Suna, unguwa, lambar gida. Genivaldo ya rubuta na gaskiya, ya ɗora ambulan ɗin kuɗin a kai.

"Ga kuɗinku, ku ƙirga. Ku ƙyale matar nan haka, don Allah. Ba ta ci ko sisi ba, ni na ci."

Mutumin ya ɗauki takardar, ya karanta adireshin a tsanake, ya adana a aljihun tebur. Sannan ya dubi ambulan, ya yi ajiyar zuciya irin ta mai azumi a gaban abinci, ya turo masa abarsa.

"Raina ya biya, ba zan ɓoye maka ba, amma ba ni da ikon karɓa. Kantin babur an biya shi tas tun shekara bakwai, takardar ta koma hannun wadda ta biya. Mu an riga an ba mu ladanmu."

"Ladan me?"

"Na wannan." Ya buga yatsa a kan aljihun teburin. "An je wurin 'yan sanda, sun ce babba ba ya ɓata. An ba da cigiya a rediyo, shiru. Sai ta ce masu sana'armu ne kaɗai ba a ɓace musu, tunda ita shekara huɗu ba inda ba su same ta ba, har a bakin kabarin uwarta. Yayarka ce ta ɗauke mu aiki, maigida, so take ta san ko ƙaninta yana raye."