Kogin Nilun Madam Afaf

"Sunanki aka kira, Umm Tarek, tashi mana!" Ramzi ya zunguri matarsa.

Afaf ta miƙe. Wata huɗu ta yi tana ɗinka hoton Kogin Nilu da ƙyallayen da take tsintowa a shagonsa da ke Khayamiya, layin maɗinka. Ta yi ruwa da shuɗin alharini, jiragen ruwa da maɓallai, rana kuwa da murfin gwangwani. Kullum sai ya yi mata tsiya, wai gara ta ajiye allura ta koma dafa koshari. Ga shi yau a gasar ɗinki, cikin mata arba'in ita ta zo ta ɗaya.

Alƙalin gasar, Dokta Magdi, ya yaye mayafin da aka rufe aikin da shi.

"Jama'a, ku dubi yadda zaren nan ya sarƙe! Ku dubi ƙulle-ƙullen nan! Wannan shi ne cunkoson Alƙahira da ƙarfe biyun rana. Shekara ashirin ban ga mai ƙarfin hali irin baiwar Allahn nan ba."

Zauren ya ɗauki tafi. Afaf ta ɗaga ido, murmushinta ya tsaya cak. Babu kogi, babu jirgi ko ɗaya. Ashe masu ratayewa sun juya fuskar hoton ga bango, bayan ɗinkin ne kowa ke yabawa.

Ramzi ya matso, dariya na cinsa. "In je in juya musu?"

Ta take masa ƙafa, tana ɗaga wa jama'a hannu.

"Juya me? Ai dama haka na tsara shi. Yi tafi, Abu Tarek."