Ruwan da Ya Koma Rawaya

"Guba kike sayar wa 'ya'yan mutane, yau kowa zai gani!" in ji matar Alhaji mai nama, tana nuna bazawarar da ke suyar sosis, naman nan da ake ɗurawa a hanji, a gidanmu na haya a unguwar Biafra. Matar Alhajin ma suyar take yi, bazawarar ta kwashe mata masu saye.

Na jawo kujerata. Ciwon gwiwa bai taɓa hana ni kallo ba.

Matar Alhaji ta ƙwala wa 'yarta mai karatun kimiyya kira. Yarinyar ta fito da kwalbar ruwa shuɗi, wai da wasu ƙwayoyi a ciki da ido ba ya gani. In nitirit, gishirin da ke sa nama ja, ya wuce kima, ruwan zai koma rawaya.

"Mama, mu gwada a ɗaki mana."

"A nan za a yi! Ku ɗauka a waya!"

Aka jiƙa sosis ɗin bazawarar, aka ɗiga a kwalbar. Kafin in gyara ɗankwali ruwan ya zama kamar ɗorawa. Uwar ta rangaɗa guɗa, ta tura wa jama'a bidiyon har unguwar Adjamé da hannunta.

Bazawarar ta goge hannu a zani. "Yaya, ni suya ce tawa. A shagon Alhajinki na Bromakoté, can Adjamé, nake sari, ga tambarinsa a leda."

Ledar kuwa ta fito tsaf a bidiyon.

Na ce, "Hajiya, in tura wa Alhaji, ko kin riga ni?"

Ta fice, ta bugo ƙofar gidan da ƙarfi.